Kun Tambaya, Mun Amsa: Hamayya da Dattako a Wasan Tanis

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan tanis suka zo, kuma yawancinsu abu ɗaya suke zagayawa: ina neman nasara ya tsaya, ina kuma aka shiga rashin sanin ya kamata. Ga wanda bai saba da lissafin wasan ba, maki huɗu ke ba da gem, ana ƙirga su 15, 30, 40, sannan gem. Gem shida ke ba da set muddin akwai tazarar biyu, in aka yi 6-6 kuma sai a tafi raba-gardama.

Tambaya: Na ga hoton Federer da Nadal sun riƙe hannun juna suna kuka ranar da Federer ya ajiye raket. Ashe dama hamayyar tasu ta 'yan jarida ce kawai? Kuma in Federer ne gwanin da ake faɗa, me ya sa Nadal ya fi cin sa? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, hamayyar ta gaske ce, kukan ma na gaske ne. Hoton da ka gani daga gasar Laver Cup ce ta 2022 a Landan, inda suka buga wasan bibbiyu a gefe ɗaya. Kafin wannan rana sun kara sau 40, Nadal ya ci 24, Federer ya ci 16. Amma sai ka rarraba lissafin bisa irin filin da aka buga kafin ka fahimci abin da ya faru. A jar ƙasa Nadal 14, Federer 2. A ciyawa Federer 3, Nadal 1. A daɓe Federer 11, Nadal 9. Wato jar ƙasa ce ta kawo tazarar.

Dalilin kuwa a fili yake. Nadal da hagu yake wasa, Federer da dama. In Nadal ya buga ƙwallo da cikin hannunsa a karkace, kai tsaye take zuwa bayan hannun Federer, wanda da hannu ɗaya yake bugawa. Nadal na murza ƙwallon sosai, ita kuma jar ƙasa tana riƙe ta ta cilla ta sama, sai ta iso wa Federer daidai kafaɗa ko sama da haka. Bugun bayan hannu da hannu ɗaya a wannan tsayin kamar ɗaga bokitin ruwa ne sama da kafaɗa da hannu guda: za ka iya sau ɗaya, sau biyu, amma ba sau ɗari a yini ba. Ga kuma sabis, wato bugun da ake fara kowane maki da shi. Bahago in ya tsaya a ɓangaren hagu na layinsa, sabis ɗinsa na kaucewa waje zuwa bayan hannun mai amfani da dama, kuma a wannan ɓangaren ake buga mafi yawan makin da ke yanke gem, irin 30-40.

Abin da ya sa ake kiran wannan hamayya mai albarka shi ne kowannensu ya tilasta wa ɗan'uwansa gyara. Nadal ya sha kashi a wasan ƙarshe na Wimbledon a 2006 da 2007, ya matso kusa da layi, ya gyara sabis, ya ci a 2008 bayan awa huɗu da minti 48, set na biyar 9-7. Federer kuma a 2014 ya koma raket mai faɗin kai, daga inci murabba'i 90 zuwa 97, ya koyi tarar ƙwallon tun tana tasowa kafin ta kai kafaɗa. Lissafi yana Nadal 23, Federer 10 a lokacin, amma cikin karawa bakwai na ƙarshe Federer ya ci shida, har da wasan ƙarshe na Australian Open a 2017.

Kada kuma a ɗauka kullum bakinsu ɗaya. A farkon 2012 Nadal ya soki Federer a bainar jama'a kan yadda ake kare haƙƙin 'yan wasa, ya kuma sauka daga majalisar 'yan wasa a shekarar. Sai dai saɓanin bai taɓa sauka cikin fili ba. A 2009 da hawaye suka ci ƙarfin Federer wajen karɓar kyauta a Melbourne, Nadal da ya doke shi ne ya rungumo shi, kuma a 2020 tare suka cika filin Cape Town da mutum fiye da 51,000 don tara wa gidauniyar Federer kuɗi.

Tambaya: In ɗan wasa ya san ya yi laifin da alƙali bai gani ba, dole ne ya faɗa? Ni a ganina aikin alƙali ne, ba nasa ba. Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, a takarda kana da hujja. Hukunci na alƙalin kujera ne, babu tarar da ake ci wa wanda ya yi shiru. Amma dokar tanis ta jera laifuka da dama waɗanda sau da yawa mai su kaɗai ya san sun faru: ƙwallo ta faɗi sau biyu kafin ka kai mata, raket ko rigarka ta goga raga ƙwallo na cikin wasa, ƙwallo ta shafi jikinka ko gashinka tana wucewa, ka tare ta kafin ta tsallako raga, ko raket ya taɓa ta alhali ya riga ya fita daga hannunka. Duk waɗannan maki ya tafi nan take. Alƙali yana zaune a gefe ɗaya, ƙwallo na gudun da ya kan wuce kilomita 150 a awa, ba komai zai gani ba. Shi ya sa al'adar wasan ta ɗora wa ɗan wasa nauyin faɗa, kuma a nan ake gane mai dattako.

A wasan kusa da na ƙarshe na Roland Garros, gasar jar ƙasa ta Paris, a 1982, Mats Wilander yana ɗan shekara 17, saura maki ɗaya ya ci José Luis Clerc. Aka ce ƙwallon Clerc ta fita, alƙali ya shelanta an gama. Wilander ya ce shi bai ga ta fita ba, a sake. Aka sake, ya ci, ya je ya ɗauki kofin. Wannan ya ƙare lafiya, shi ya sa ake yawan ba da labarinsa. Mu wanda ya fi burge mu shi ne na Andy Roddick a birnin Rum a 2005, don shi ya biya kuɗin gaskiyarsa. Yana da damar gama wasa har uku a kan Fernando Verdasco, aka ce sabis na biyu na Verdasco ya fita, wato an gama ke nan. Roddick ya je ya dubi sawun ƙwallon a ƙasa, ya nuna wa alƙali cewa ta taɓa layi. Verdasco ya farfaɗo ya cinye wasan.

Na baya-bayan nan shi ne Carlos Alcaraz da Ben Shelton a Roland Garros ta 2025. Alcaraz ya miƙa ya kai wa wata ƙwallo da ta kusa wuce shi, ta faɗa gefen Shelton, alƙali ya ba shi maki, jama'a na ta tafi. Sai ya je ya ce raket ɗin ya riga ya kuɓuce masa kafin ya taɓa ta. Aka mayar wa Shelton makin.

Ga ɗaya gefen kuma. A 2003, a Paris ɗin dai, Justine Henin ta ɗaga hannu alamar ba ta shirya ba daidai lokacin da Serena Williams ke sabis. Sabis ɗin ya lalace, Serena ta nemi a ba ta na farko kuma, alƙali bai ga hannun ba, Henin ta yi gum. Ba ta karya doka ba, ta kuma ci wasan, amma har yau in aka ambaci wasan, hannun nan ake fara tunawa. A Cincinnati a 2024 ma an yi ta cece-kuce kan makin ƙarshe tsakanin Jack Draper da Félix Auger-Aliassime, ko ƙwallon ta bugi ƙasa a gefen Draper kafin ta tsallake. Draper ya ce bai tabbata ba, babu damar duba bidiyo a filin, hukunci ya tsaya. Irin wannan ne ya sa manyan gasanni suka faɗaɗa duba bidiyo. Game da layi kuwa, na'ura ta karɓe aikin a yawancin wurare: Hawk-Eye ta shigo a 2006, Wimbledon ta sallami alƙalan layi a 2025. Abin da Roddick ya yi yanzu sai a inda har yau ido ke duba sawu, kamar Roland Garros.

Tambaya: Me ya sa aka kori Djokovic nan take a 2020 alhali bai yi niyya ba, amma Serena da ta zagi alƙali a 2018 aka bar ta ta gama wasa? Ba son kai ba ne? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Hajiya, hanyoyi biyu ne daban a cikin dokar ladabtarwa. Ta farko matakala ce. Laifi na farko gargaɗi, na biyu a cire maki, na uku da duk wanda ya biyo baya a cire gem guda. Laifukan sun haɗa da fasa raket, cilla ƙwallo cikin fushi, ashar da kunne ya ji, zagin jami'i da duk wani halin rashin ɗa'a. Abin da mutane ke mantawa shi ne ba sai laifin ya zama iri ɗaya ba, duk a kwando ɗaya ake tara su.

Haka ta faru da Serena a wasan ƙarshe na US Open da Naomi Osaka. Alƙali Carlos Ramos ya ga kocinta Patrick Mouratoglou yana mata alama da hannu, wanda a lokacin haramun ne, ya yi gargaɗi. Ta fasa raket, ya cire maki. Ta kira shi ɓarawo, ya cire gem, 4-3 ya koma 5-3. Osaka ta ci 6-2, 6-4, aka ci Serena tarar dala 17,000. Ana iya cewa Ramos ya yi tsauri a matakin farko, tun da koci da yawa na yin alamar ba a kula su, amma daga nan lissafin daidai yake. Yanzu ma wannan laifin ya kau, don daga farkon 2025 hukumar tanis ta duniya ta halatta wa koci ba da shawara daga mazauninsa.

Hanya ta biyu ita ce kora kai tsaye, ba tare da hawa matakala ba, kuma ba alƙalin kujera ke yanke ta shi kaɗai ba, sai an kira babban alƙalin gasa. A US Open ta 2020 Novak Djokovic ya rasa sabis ɗinsa a hannun Pablo Carreño Busta, aka koma 5-6, ya ciro ƙwallo daga aljihu ya buga ta baya bai duba ba, ta sami wata alƙaliyar layi a maƙogwaro ta faɗi. Doka ba ta tambayar ko ka yi niyya. Tambayarta ita ce ko ka buga da ganganci, kuma ko wani ya ji ciwo. Ya rasa makinsa na gasar da dala 250,000 da ya riga ya samu. Kafin shi an kori Tim Henman a Wimbledon a 1995 kan yarinya mai tsintar ƙwallo, da David Nalbandian a wasan ƙarshe na Queen's a 2012 da ya harbi allon talla ya ji wa alƙalin layi rauni a ƙafa, da Denis Shapovalov a 2017 da ya sami alƙalin kujera a ido.

In akwai inda dokar ke da rauni, shi ne yadda sakamako ya fi aikin nauyi. Wani zai cilla ƙwallo da ƙarfi ta kuskure kan mutum da ɗan yatsa, a yi masa gargaɗi kawai. Miyu Kato ta Japan kuwa a Roland Garros ta 2023 ta tura ƙwallo ba cikin fushi ba, ta sami yarinya mai tsinta. Da farko gargaɗi aka yi mata, sai abokan karawarta suka ja hankalin alƙali cewa yarinyar na kuka, aka kira jami'i, aka kore ta da abokiyar wasanta. 'Yan wasa da yawa sun fi ganin laifin masu ƙorafin. Kato ta ci kofin haɗakar mace da namiji a wannan gasar bayan 'yan kwanaki.

Tambaya: Sabis ta ƙasa da buga wa mutum ƙwallo a jiki, halal ne ko wulaƙanci? Daga mai karatu a Kumasi.

Amsa: Duka biyun halal ne. Doka ta ce ka saki ƙwallo daga hannu ta kowace fuska ka buga ta kafin ta taɓa ƙasa, ba ta ce sai ta sama ba. Sharaɗi ɗaya ne, mai karɓa ya kasance a shirye, kuma da zarar ya yi yunƙurin mayarwa an ɗauka a shirye yake. Michael Chang ya yi wa Ivan Lendl sabis ta ƙasa a Roland Garros ta 1989 a set na biyar, jijiyoyin ƙafarsa sun ɗaure, ya ci wasan ya kuma ci gasar yana ɗan shekara 17, aka yaba. Martina Hingis ta yi wa Steffi Graf a wasan ƙarshe na 1999 a filin nan dai, aka yi mata ihu. Aiki ɗaya, hukuncin 'yan kallo biyu.

Mu dai dabara muke ganin ta. Daga layin baya zuwa layin sabis mita biyar da rabi ne. Irin su Daniil Medvedev, da Nadal a zamaninsa, kan ja baya mita huɗu ko biyar don su sami lokacin tarar sabis mai ƙarfi, to wanda ya tsaya can ya bar kusan mita goma a gabansa babu kowa. Wanda ya sauke masa ƙwallo a nan bai zage shi ba. Illarta ga mai yi ce: in ba ta yi ƙasa-ƙasa da ɗan juyi zuwa gefe ba, ta zama sadaka.

Bugun jiki ma haka. A wasan bibbiyu abin yau da kullum ne, don mutumin da ke bakin raga ya fi shan wahalar ƙwallon da ta nufo ƙugunsa na gefen hannun raket. Ladabin da aka sani uku ne: a nufi ƙafa ko ƙugu, ba fuska ba; in ta same shi a ɗaga hannu; in ya riga ya juya baya ya sallama makin, a buga ta wani wuri. Na ukun ne Cameron Norrie ya saɓa a Rum a 2023 da ya sami Djokovic a ƙafa bayan ya juya. Nick Kyrgios kuwa a Wimbledon ta 2019 ya auna ƙirjin Nadal, ya kuma ce ba zai ba da haƙuri ba.

Ɗaga hannu in ƙwallonka ta goga saman raga ta faɗa wa abokin wasa ma al'ada ce, ba doka ba. Kowa ya san mai ɗaga hannun murna yake a ciki. Duk da haka rashin yinsa ya haddasa cacar baki tsakanin Jelena Ostapenko da Taylor Townsend a US Open ta 2025, har Ostapenko ta zo tana neman afuwa kan kalaman da ta yi.

Tambaya: Na lura wasu in an matsa musu sai su tafi bayan gida ko su kira likita. Babu dokar da ta hana? Daga mai karatu a Jos.

Amsa: Akwai, kuma a ƙididdige take. Daƙiƙa 25 tsakanin maki da maki, 90 in za a canza gefe, 120 tsakanin set da set. Tun 2018 aka fara sa agogo a fili kowa na gani. Wanda ya wuce lokaci, karo na farko gargaɗi. Daga nan in mai sabis ne ya rasa sabis na farko, in mai karɓa ne ya rasa maki. Wannan lissafi dabam yake da matakalar ladabtarwa da muka yi bayani a sama.

Hutun jinya minti uku ne, ana fara ƙirgawa bayan mai duba 'yan wasa ya gama bincike, kuma sau ɗaya ga kowane ciwo. Ɗaurewar jijiya ba ta ciki, don ana ɗaukarta gajiya ce, ita kuwa gajiya ɓangaren wasa ce. Mai fama da ita sai ya jira canjin gefe, in ba zai iya ba ya sallama makin da ya rage har a kai can. Ƙofar da ake bi ita ce ta bincike, wanda babu mai iya ƙaryata shi daga kujera. Victoria Azarenka ta ɓarar da damar gama wasa har biyar a kan Sloane Stephens a Melbourne a 2013, ta fita kusan minti goma, ta dawo ta karya sabis ɗin Stephens ta gama. Ta ce numfashi ne ya gagare ta saboda haƙarƙari. Mai yiwuwa ne, amma lokacin da ta zaɓa ya bar zargi.

Na bayan gida kuwa Stefanos Tsitsipas ne ya jawo gyara. A US Open ta 2021 ya yi kusan minti takwas kafin set na biyar da Andy Murray, Murray ya fito ya ce mutuncinsa ya zube a idonsa. Daga 2022 hukumar maza ta ATP ta taƙaita: sau ɗaya a wasa, a ƙarshen set kawai, minti uku daga shiga, da ƙarin biyu in za a canza kaya. Cutarwar a jiki take. Wanda aka bari a fili gumi na bushe masa, tsoka na sanyi, hannun da ya ɗauki zafi ya huce. Shi ya sa ƙwararru ba sa zama, za ka ga sun yafa riga suna tsalle-tsalle ko gwada sabis.

Tambaya: Wannan gurnani da suke yi in sun buga ƙwallo fa? Daga mai karatu a Damagaram.

Amsa: Gurnanin da ya fita tare da bugu ana ƙyale shi. Wanda ya ja har lokacin da abokin wasa zai buga, ko magana ƙwallo na cikin wasa, shi ne tsangwama: in da gangan ne maki ya tafi, in ba da gangan ba a sake. Serena ta rasa maki a wasan ƙarshe na US Open a 2011 don ta yi ihun murna kafin Samantha Stosur ta kai ga ƙwallon, Djokovic ma ya rasa a Wimbledon ta 2023 da Jannik Sinner kan dogon gurnani. Masu ƙorafi na da hujja, don ƙarar ƙwallo a kan raket ce ke fara gaya wa ɗan wasa ƙarfinta da juyinta.

Tambaya: Dole ne a gaisa a raga bayan wasa? Daga mai karatu a Garwa.

Amsa: Ba dole ba ne, babu shi a dokokin wasan. Tun da Rasha ta mamaye Yukren a 2022, 'yan wasan Yukren irin su Elina Svitolina da Marta Kostyuk suka daina musabaha da 'yan Rasha da Belarus, kuma sun sanar tun da wuri. Matsalar ta fi zuwa daga 'yan kallon da ba su sani ba. A Paris a 2023 Kostyuk aka yi wa ihu, a Wimbledon kuma Azarenka ta Belarus aka yi wa, alhali ita mutunta matsayin Svitolina ta yi da ba ta tsaya a raga ba. Daga baya wasu gasanni suka fara sanarwa a allo kafin a fara.

Tambaya: Kullum maza ake ambata. A mata wace hamayya ce ta fi? Daga wata ɗaliba a Katsina.

Amsa: 'Yar'uwa, ko an haɗa da mazan, babu wadda ta kai ta Chris Evert da Martina Navratilova yawa. Sau 80 suka kara daga 1973 zuwa 1988, 60 daga ciki wasan ƙarshe ne. Navratilova 43, Evert 37, kowacce kuma ta ƙare da manyan kofuna 18. Djokovic da Nadal, da suka fi kowa a maza, 60 suka yi. Evert daga layin baya take wasa, ba ta cika kuskure ba. Navratilova bahaguwa ce mai sabis ta ruga raga. Da farko Evert ce a sama. Navratilova ta shiga ɗaga ƙarfe da gyara abinci, ta zo ta ci Evert sau 13 a jere. Evert ta ajiye raket ɗin katako, ita ma ta shiga motsa jiki, ta dawo ta ci ta a wasan ƙarshe na Roland Garros a 1985 da 1986. Su ne kuma suka ci kofin bibbiyu tare a Paris a 1975 da Wimbledon a 1976, kuma abotarsu na nan har bayan da kowacce ta yi fama da cutar daji.

Wadda za ta iya kamo ta ita ce ta Graf da Monica Seles, amma ɗan kallo ya kashe hamayyar. Seles ta ci manyan kofuna takwas kafin ta cika shekara 20, ta karɓe matsayi na ɗaya daga Graf. Ran 30 ga Afrilu 1993 a Hamburg, tana zaune lokacin canjin gefe, wani mai son Graf ya caka mata wuƙa a baya don gwanarsa ta koma sama. Ta yi fiye da shekara biyu ba ta wasa, bayan ta dawo babban kofi ɗaya ta ƙara, a Ostareliya a 1996. Tun daga nan ake tsayar da masu gadi a bayan kujerun 'yan wasa.

Tambaya: Muna buga tanis da yamma a wani kulob, babu alƙali, kullum sai an yi musu kan layi da lissafi. Yaya ake yi? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Yallaɓai, hukumar tanis ta duniya na da ƙa'idar wasan da babu alƙalin kujera, ita ake bi ko a ƙananan gasannin ƙwararru. Kowa shi ke hukunta ƙwallon da ta faɗi a gefensa, ba ya hukunta na wancan gefen. In ta fita ka faɗa nan take da murya, ba bayan ka ga bugunka ya lalace ba. In kana shakka, tana ciki. Babu "a sake" don ba ka gani da kyau ba, shakkarka ribar abokin wasanka ce. Ko gefen ƙwallon ne kawai ya shafi layi, tana ciki. In ka ce ta fita sannan ka gane ka yi kuskure, a filin daɓe karo na farko a sake makin, sai dai in bugun dama ba wanda za ka iya kaiwa ba ne, to nasa ne. Karo na biyu ka rasa. Kada a dogara da sawu a kan siminti, musamman lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya, don tsohon sawu da sabo ba sa bambanta.

Musun lissafi maganinsa ɗaya: mai sabis ya faɗi lissafi da ƙarfi kafin kowane sabis na farko, nasa a gaba. In duk da haka an rikice, kada a soke gem ɗin. Ku bi makin ɗaya bayan ɗaya, wanda kuka yarda da shi ya zauna, wanda kuka saɓa kaɗai za a sake. Misali kai ka ce 40-30, shi ya ce 30-40, kun yarda kowa ya ci biyu, sai a ci gaba daga 30-30.

In ƙwallo ta gangaro daga filin maƙwabta, duk wanda ya gani ya tsayar nan take a sake makin da sabis biyu. Wanda ya gani ya ci gaba da wasa har ya rasa makin, ba shi da bakin magana. Taka layi wajen sabis kuma mai karɓa ba shi da ikon hukunta shi, sai dai ya yi magana a canjin gefe ko ya nemi wani ya tsaya a matsayin alƙali. Waɗanda ke zaune a benci suna jiran layinsu ba a tambayarsu, ko da sun rantse sun gani.